Sabon Shiga a Fagen Zance

Abin da ya fi kayar da sabon saurayi a wurin zance shi ne ƙarya. Ranar farko sai ya ari motar abokinsa, ya sha shaddar yayansa, ya zuba turare kamar an fasa kwalba, sannan ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance. Ta fito, ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, shi kuwa ya buɗe baki da labarin kwangilar da babu ita. To ranar da mai mota ya karɓe makullinsa fa, da wane ido zai iso a kan acaɓa? Ya manta iyayenta sai sun yi bincike a unguwarsu kafin su karɓi kuɗin gaisuwa, kuma mai shayin bakin layi ya san bashin da ake bin sa har na ƙwai. Wani kuma kunya ce ke cin sa, sai ya ɗauko ɗan rakiya mai zaƙin baki, ya koma gefe yana latsa waya, abokin na zuba hira. Na san gidan da ɗan rakiyar ne ya ƙare da kai lefe. Ga masu aika "kin ci abinci?" sau goma a yini ta WhatsApp, in ta yi jinkirin amsawa su hau fushi tun ba a sa rana ba. Samari, ku je da rigarku, ku durƙusa ku gaida mahaifinta in kun haɗu a ƙofar gida, kuma ku tashi kafin a turo ƙaninta ya ce za a rufe gida.