Jinjina ga Masu Bin Salsalar Ƙwayoyin Cuta

Yabon gwani ya zama dole. Akwai bayin Allah da mutumin karkara bai taɓa ganinsu ba, amma aikinsu ya iso gidansa ta hannun mai allurar rigakafi. Su ne masanan da ke karanta DNA na ƙwayoyin cuta, wato jerin haruffa huɗu, A, C, G da T, da ke ɗauke da sirrin halittar ƙwayar. Wanda ya karanta jerin nan zai san danginta, inda ta fito, da maganin da ya daina kama ta.

Sanƙarau ya ishe mu misali. Bayan da aka fara allurar MenAfriVac a Najeriya a 2011, nau'in A da ya daɗe yana addabar Arewa ya ja da baya. Sai ga nau'in C ya ɓullo a Sakkwato a 2013, ya tsallaka Nijar a 2015, sannan a 2017 ya yi ɓarna a Zamfara da maƙwabtanta, inda aka rasa rayuka sama da 1,100. Da masana suka karanta ƙwayar, sai suka gano sabuwa ce: asalinta wata ce mai zaman lafiya a maƙogwaron mutane, ta aro kayan halitta daga 'yan'uwanta ta zama makashiya. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa rigakafin nau'i ɗaya bai wadatar ba. A farkon 2024, lokacin da cutar ta ɗauke ɗalibai a makarantun kwana na Potiskum da kewaye, Najeriya ce ta fara amfani da Men5CV a duniya, allura guda mai kare nau'i biyar.

Muna jinjina wa Farfesa Christian Happi da cibiyar ACEGID da ke Ede, waɗanda suka fara karanta ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020. Muna kuma jinjina wa Dakta Mahmoud Bukar Maina, wanda ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021.

Sai dai da sauran rina a kaba. Na'ura ba ta karanta sai abin da aka kai mata. Idan ba a ɗebi ruwan ƙashin bayan mara lafiya da wuri ba, aka adana shi yadda ya dace, aka kai shi kan lokaci, duk gwanintar masana ta tashi a banza. Yanzu akwai na'urar MinION da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda aka yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015. Hakkin gwamnati ne ta samar da irinta a Yobe, tare da wuta, sinadarai da matasan da aka horar, don sakamako ya dawo tun annoba ba ta yi nisa ba. Ya kamata kuma binciken ya haɗa da kasuwar shanu ta Potiskum, domin ɗura wa dabbobi magani barkatai yana haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani.

Mu ma iyaye da namu nauyin. Idan zafi ya shigo, yaro ya kamu da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya kemis. Likita ya nemi ɗibar ruwan baya, a yarda. Masu rigakafi suka yi sallama, a fito musu da yara.