Musabaƙar Alƙur'ani: Ina 'Ya'yan Ƙauye?

Sanin kowa ne cewa mahaddacin da zai wakilci Nijeriya a musabaƙar Alƙur'ani ta Sarki Abdul'aziz a Makka, sai ya ci ta ƙaramar hukuma, ya haye ta jiha, sannan ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato ke shiryawa tun 1986. A 2019 Idris Abubakar na Borno ya zo na ɗaya a rukuninsa a can Makka.

To amma matakin farkon nan shi ne abin dubawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun. A 2021 kaɗai 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe, sun afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura, sun sace fiye da 70 a Kaya. Wane uba ne zai saki ɗansa ya bi irin wannan hanya zuwa wajen tantancewa? Ke nan zaɓe zai koma na 'ya'yan birni zalla, alhali hadda a tsangayun ƙauye take.

Mahukunta sun iya karɓar baƙuncin musabaƙar ƙasa a Gusau a 2022. Saura su tura alƙalai, da tsaro, har inda almajiran suka yi gudun hijira, a saurari karatunsu.