Liƙa wa Ƙafar Keke Dalma: Gyara ne ko Ɓata Lokaci?

Wata rana da yamma na kai kekena gyara, sai na tarar ana gardama a rumfar mai gyaran. Wani saurayi ne ya zo da sabon kekensa, riƙe da 'yan guntayen dalma, yana so a liƙa masa su a jikin ƙafafun keken kamar yadda ya ga ana yi wa ƙafar mota. Hujjarsa kuwa ita ce, ya kifa keken, ya murza feda da ƙarfi, sai ya ga keken yana ta tsalle-tsalle. In kuma ƙafar ta gama juyawa, kullum wuri ɗaya ne yake komawa ƙasa. Mai gyaran, wani dattijo da ya daɗe cikin sana'ar, ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ai kai ne dalmar. Da ka hau, magana ta ƙare." Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, na bi ta da lissafi, na tarar dattijon ne da gaskiya. Ra'ayina shi ne, ga keken da muke hawa yau da kullum, wannan dalma ba ta ƙara kome, kuma tana iya ɗauke hankalin mutum daga gyaran da ransa ya dogara a kai.

Da farko ya kamata a yarda cewa abin da saurayin nan ya gani ba ƙarya ba ne. Da wuya a sami ƙafar keke wadda nauyinta ya daidaita ta kowane ɓangare. Bawul da ake bi a sa iska yana da nasa nauyi, mahaɗar ƙarfen ƙafar ma haka, faci kuma haka. Idan ƙafa tana juyawa, ɓangaren da ya fi nauyi yakan yi ta fizgar ta zuwa waje. Ƙa'idar wannan fizga kuwa sananniya ce ga masu ilmin kimiyya: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfinta yakan ninka sau huɗu. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, wane irin gudu ake yi, kuma nauyin me ke danne ƙafar?

Mu ɗauki mota tukuna, tun da daga can aka aro dabarar. Motar da ke gudun kilomita 100 cikin awa, ƙafarta tana juyawa kusan sau 900 a minti, watau kimanin sau 15 a daƙiƙa. Mu ƙaddara wani ɓangare na ƙafar ya ɗara sauran da giram 40. A wannan gudu fizgarsa ta kai kamar nauyin kilo 7. Bugu da ƙari, ƙafar mota a kan sifirin take, tana da damar yin sama da ƙasa, don haka sai girgizar ta bi ta kai ga sitiyari, taya ta ci ta gefe guda, kayan ƙasan mota su gaji da wuri. A nan lalle dalma tana da aiki, kuma babu direban kirki da zai yi musu.

To, mu dawo kan keke. Ƙafa mai inci 28, irin ta Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka saba da su, tana cin kimanin mita 2.2 a juyi ɗaya. Mai gudun kilomita 20 cikin awa, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga mai zuwa kasuwa ko gona, ƙafarsa tana juyawa sau 150 ne kacal a minti. In rashin daidaiton ya kai giram 10, watau nauyin ƙwayar sukari biyu ko uku, fizgarsa ba ta wuce ta giram 80 ba, ko nauyin ƙwan kaza biyu bai kai ba. Mahayi da kekensa kuwa sukan kai kilo 80, ban da buhun da aka ɗaura a kariya. Yaya giram 80 zai ɗaga ƙafar da kilo 30 ko 50 ke dannewa? Tsakuwa ɗaya a hanya ta fi shi girgiza mutum nesa ba kusa ba. Wannan shi ne sirrin tsallen da saurayinmu ya gani: keken da aka kifa babu nauyin kowa a kansa, ƙafar kuma a iska take gudu fiye da yadda za ta yi a ƙasa. Kallon kitse ya yi wa rogo.

Wasu sukan ce, ko da ba a ji girgiza ba, ai rashin daidaiton yana cin ƙarfin mahayi. Wannan ma bai tsaya ba. Ɓangaren da ya fi nauyi in yana hawa sama ya ɗan rage gudun ƙafar, in ya gangaro sai ya mayar da abin da ya karɓa. Abokan gaban mai keke na ainihi su ne iskar da yake tsagawa, da tudu, da tayar da ba ta ƙoshi da iska ba. Har wa yau, kekuna da yawa suna zuwa da 'yar roba mai ƙyalli maƙale a tsinkayen ƙafa domin fitilar mota ta haska su da dare. Nauyinta a gefe guda yake, amma ban taɓa jin wanda ya yi kuka da ita ba. Tun daga shekarar 1885 da John Kemp Starley ya fito da keke mai kama da na yanzu a birnin Coventry na Ingila, da 1888 da John Dunlop ya sa masa taya mai iska, masana'antu suke ta fitar da kekuna ba tare da dalma ba. Da tana da amfani ga kowa, da tuni sun sa, ko don su ƙara farashi.

Adalci shi ne a faɗi inda maganar take da ɗan ƙarfi. 'Yan tseren keke, irin na gasar Tour de France wadda aka fara a Faransa a 1903, sukan wuce kilomita 80 cikin awa idan suna gangarowa daga duwatsu. A wannan gudu, giram 10 ɗin nan fizgarsa ta kai kamar kilo 1.3, kekunansu kuma marasa nauyi ne, masu dogon bawul. In irin waɗannan suka daidaita ƙafa domin kwanciyar hankali, ba na ganin laifinsu. Haka kuma mai babur, shi gudunsa ya kusanci na mota. Amma ga malamin makaranta da manomi da ɗalibi, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Abin da ya fi damuna shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Keken da ke girgiza a hanya yana da ciwo na gaske, kuma dalma ba za ta warkar da shi ba. Sau da yawa ƙarfen ƙafar ne ya karkace, sai an ɗaure wasu tsinkaye an sassauta wasu kafin ya miƙe. Wani lokaci taya ce ba ta zauna daidai ba, ko ta kumbura a wuri guda tana shirin fashewa. Wani lokaci kuma boris ne ya ci, ƙafar tana wasa. Ƙafar da ta karkace ba ta barin birki ya kama sosai, kuma wanda ya taɓa shiga tsakanin motoci da birki maras kamu ya san abin da nake nufi. Kuɗin dalma da lokacinta, nan ya kamata su tafi.

Wanda duk bai gamsu ba, ga gwaji mai sauƙi. Ya sa abokinsa ya liƙa giram 10 a ƙafar kekensa wani lokaci, ya cire wani lokaci, a rufe wurin yadda ba zai gani ba, sa'an nan ya hau sau goma ya faɗi yaushe aka sa, yaushe aka cire. In ya iya bambancewa, ya zo ya gyara mini, zan karɓa da hannu biyu.

A ƙarshe, ina kira gare mu ɗalibai da mu riƙa tambayar dalilin abu kafin mu aro shi, domin dabarar da ta dace da mota ba lalle ta dace da keke ba. Dattijon nan bai san lissafin giram ba, amma shekarun da ya yi yana ɗaure tsinkaye sun kai shi inda lissafin ya kai ni. Saurayin kuwa, ina fata da ya bar rumfar ya duba birkinsa.