Jaruminmu Ya Soke Bindiga A Ƙugu, To Ina Kubenta?



Sau nawa muka rubuta cewa jami'in farin kaya ya soke bindiga a ƙugu ya fice? Ya kamata mu daina. Ƙwararre ba ya cusa fistol tsirara a wando, a kube yake sa ta, kamar yadda mahauci ke yi wa wuƙarsa.

A Amurka, inda farar hula ke yawo da ɓoyayyar bindiga bisa doka, kuben fata na cikin wando yana da ƙa'idojin zaɓe. Dole ya rufe kunama ruf. Dole bakinsa ya yi tauri, ya tsaya a buɗe bayan an zaro ta. Dole a ɗinka shi daidai da samfurin bindigar, a maƙala shi a bel mai ƙwari. Fata ba ta takura jiki, amma zufa na sa ta laushi. In kube ya tsufa, gefensa kan lanƙwashe ya danna kunama wajen mayar da bindiga, mutum ya harbi cinyarsa. Kun ga babi guda ke nan a labari.

Sannan a Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. In jaruminmu ɗan kasuwar Kwari ne kuma yana ɗauke da ita, mai karatu zai tambaye mu ta ina ya samu.

Akwai 'yan sanda da sojoji cikin masu karanta mu, kuskure ɗaya ya isa su ajiye littafin. Mu yi bincike kafin mu ɗauki biro.

Allah ya ƙara mana basira.