Tawali'un Mai Ƙarfi: Abin Lura Daga Maƙwabtanmu Kiristoci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Yau zan yi magana a kan wata ɗabi'a da Kiristoci suka sanya a sahun gaba na koyarwarsu, wato tawali'u. Kada wani ya yi mamakin jin limami ya ɗauko zancen. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 82 ta Suratul Ma'ida, ya ambaci malamai da masu ibada a cikinsu, ya kuma shaide su da rashin girman kai. Saɓaninmu da su a aƙida yana nan yadda yake, amma hikima ɓataccen kayan mumini ce.

A littafinsu, cikin babi na 5 na Matiyu, an yi wa masu tawali'u albishir da gadon duniya. A babi na 13 na Yahaya kuma suna ruwaito cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ɗaura mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bara ke yi wa ubangidansa. Masu wa'azinsu sukan fassara wannan ɗabi'a da misalin ingarman doki da ya karɓi linzami: ƙarfinsa bai ragu ba, sai dai ba ya sukuwa sai inda aka nuna masa. Wannan fassara ce ta ja hankalina, domin mu a nan mukan ɗauka cewa tawali'u kayan talaka ne. Alhali wanda ya sunkuyar da kai don ba shi da yadda zai yi, ba a san halinsa ba tukuna. Sai ranar da sanda ta shigo hannunsa.

Tarihinmu ya adana mana misali daga wani sarki Kirista. A shekara ta 5 bayan aiko Manzon Allah, wajen 615 Miladiyya, wasu sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha don tsira da addininsu. Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da kyautar jemammun fatu, suka fara bi ta kan fadawa domin a miƙa musu baƙin ba tare da an saurare su ba. Najjashi yana da iko ya yi hakan da kalma guda, kuma da ya ci ribar zumuncin kasuwanci da Makka. Sai ya ƙi yanke hukunci a kan marasa gata kafin ya ji ta bakinsu. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi bayani, ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya yi kuka, ya mayar wa jakadu kyautarsu, ya ba baƙi amana. Da ya rasu a shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah ya yi masa salla daga Madina.

To, mu waiwayo gida. A Nijar Musulmi ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, Kiristoci kuwa ƴan kaɗan ne a tsakaninmu. Ma'ana, matsayin Najjashi muke kai a yau, su kuma suna matsayin waɗanda suke ƙarƙashin amanarmu. An jarrabe mu a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da wata jaridar Faransa ta yi zanen ɓatanci ga Annabinmu. Zafin da muka ji gaskiya ne, kuma har gobe muna jin sa. Amma a Damagaram da Yamai fushin ya sauka a kan majami'u da gidajen maƙwabta waɗanda ba su riƙe alƙalamin zanen ba. Mutum goma suka rasa rayukansu, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa. A waɗannan ranaku akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu. Su ne suka fitar da mu kunya.

Wani zai ce: malam, ai wannan koyarwa ta juya kunci rauni take haifarwa, kuma addininmu ya halatta ramuwa. Haka ne, shari'a ta ba wanda aka zalunta haƙƙinsa, ta hannun alƙali, a kan wanda ya yi laifin, daidai gwargwadon laifin. Ba ta ba taron jama'a ashana ba. Kuma ta fifita yafiya ga mai ikon ramawa. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an bayyana cewa ƙarfi na haƙiƙa shi ne mallakar rai a lokacin fushi, ba kayar da abokin kokawa ba. Ranar buɗe Makka, Manzon Allah ya shiga garin da ya kore shi da runduna ta mutum dubu goma, kansa a sunkuye bisa taguwarsa, ya yafe wa mafi yawan waɗanda suka cutar da shi.

Ɗan uwa, kada ka ce kai ba sarki ba ne. Kowa yana da wanda yake ƙarƙashinsa. Maigida yana da iyali, malamin allo yana da almajirai da bulala a gefe, mai shago yana da yaron da ke jiran lada da yamma, mai bin bashi yana da wanda damina ta ba shi baya. Uwargida ma tana da ƴar aiki. A nan ake auna ka. Kafin ka ɗaga murya ko hannu, tambayi kanka: da wannan mutum ya fi ni ƙarfi, haka zan yi masa? In amsar a'a ce, to abin da ke tura ka iko ne, kada ka kira shi kishin gaskiya.

Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda yake hannunka yau, gobe kana iya kwana a hannunsa, kuma dukkanmu muna hannun Wanda ƙarfinsa ba ya gushewa.

Allah ya ba mu ikon riƙe linzamin zukatanmu, ya sa maƙwabcinmu ya kwana cikin aminci daga sharrinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.