Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, abin takaici ne a ga ɗan boko ya karyar da tsohon babur ɗinsa don kawai ya fara tari yana zuƙe mai, sa'an nan ya faɗa bashin sabo. Galibi kuwa ciwon bai wuce kafireto ba.

Aikin kafireto shi ne gauraya iska da fetur, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. In ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, fetur ya rinjaya, sai baƙin hayaƙi, filogi ya yi kunkunniya. In kuwa dauɗar tanki ta toshe jet, sai injin ya riƙa shaƙewa yana mutuwa.

Maganin ba wuya. A kwance shi, a wanke, a hure ƙananan ramukan, amma kada a zura musu waya, gama tana faɗaɗa su. A sake robar da ta bushe, a ɗaura, a bar injin ya yi zafi kafin a daidaita shi.

Honda ta fito da CG125 a 1975 don ya jure wahalar ƙasashe irin namu. Wanda ya ci jarrabawar lissafi bai kyautu sukudireba ta gagare shi ba. Allah ya sa mu gane.