Kifin teku a akwatin gilashi: ba kowane garke ke zama garke ba

A wannan mako filin namu zai bar tudu ya faɗa ruwa, ruwan ma ba na kogin Isa ko na tafkin Madarunfa ba, na teku mai gishiri, wanda ƙasarmu ba ta da ko taki ɗaya na gaɓarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban babban akwariyom, wato akwatin gilashi da ake kiwon kifi a ciki, ko a Jidda ne ko a wani birni na Turai, ya san abin da ke riƙe ido. Manyan kifaye mutum kan dube su ya wuce. Amma ƴan ƙananan nan da ke tafiya tare, su juya tare, su tsaya tare kamar an ɗaure su da zare ɗaya, su ne ke sa mai hali ya fara lissafin yadda zai kafa irin wannan a zaurensa. To, kafin a kwance bakin jaka, akwai abin da ya kamata a sani.

Abin da ke haɗa waɗannan kifaye a teku tsoro ne. Ƙaramin kifi da ya fita shi kaɗai loma ce ga babba. In kuwa suka taru ɗari ko dubu, idanun masu gadi sun yawaita, shi kuma maharbin sai ya ruɗe, ya rasa wanda zai bi. Dubi kuromis mai launin shuɗi da tsanwa, wanda masana ke kira Chromis viridis, ɗan kifin da bai cika wuce santimita 8 zuwa 10 ba. A tekun Indiya da na Fasifik yakan yi dandazo a saman murjani mai rassa, yana tsintar ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawowa. Da inuwar wani abu ta gifta, sai garken duka ya nutse cikin rassan a lokaci guda, in hatsarin ya wuce ya sake fitowa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, amma sai in akwai sarkin ƙarfin a kusa.

A cikin akwatin gilashi babu shi. Kwanakin farko, da yake wurin baƙo ne, kifayen sukan manne wa juna, mai gida ya yi ta murna yana kiran maƙwabta su zo kallo. Bayan ƴan makonni sun gane babu mai cin su, sai kowa ya kama gabansa, daga nan kuma sai neman girma ya taso. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mafi ƙarfi ya kori na ƙasa da shi, wannan ya huce a kan na ƙasa da shi, har a kai kan na ƙarshe wanda ba shi da wanda zai huce a kai. A teku, wanda aka kora yakan yi nisa ya huta. A akwati mai tsawon mita ɗaya ina za shi? Sai ya laɓe a kusurwa, ya daina fitowa cin abinci, ya rame, wata safiya a tarar da shi a ƙasa. Da ya tafi, wanda ke bi masa ya gaji matsayinsa. Masu kiwo da dama a ƙasashe daban-daban sun ba da labari iri ɗaya: an sayi bakwai, shekara ba ta zagayo ba saura biyu ko ɗaya. Abin takaicin shi ne kuromis ɗin nan shi ne mafi araha, shi ne kuma ƴan kasuwa suka fi miƙa wa sabon shiga da sunan kifin garke.

Akan ji ana cewa a saye su mara, biyar ko bakwai ko tara, wai hakan na hana faɗa. A ganina wannan camfi ne, kifi bai iya ƙidaya cika da mara ba. Abin da ke rage ɓarnar shi ne faɗin wuri, da duwatsu masu ramuka da yawa ta yadda kowa zai sami makwanci, da abinci kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini, domin yunwa na ƙara zafin kai. Ko da an yi duka wannan, babu mai ba da tabbaci. Ga kuma wata cuta da kuromis ya yi suna da ita, mai suna uronema, wadda ke fitowa kamar jan gyambo a gefen jiki. Ƙwayar da ke kawo ta tana iya rayuwa cikin akwati ko babu kifi, shi ya sa in ta shiga, fitar da ita sai an sha wuya.

Wanda ya fi shi kyau, ya kuma fi shi wahala, shi ne antiyas, Pseudanthias squamipinnis, mai launin lemo, wanda ya cika gaɓar murjanin Bahar Maliya. Shi tsarinsa na gida ne: namiji ɗaya da mata da yawa. Dukansu da siffar mata suke fara rayuwa. Idan namijin ya mutu, sai babbar cikin matan ta rikiɗe, launinta ya sauya, jikinta ya ƙaru, ta zama ita ce namijin. Ikon Allah ke nan. Darasin mai kiwo a nan shi ne kada ya haɗa maza biyu a ƙaramin wuri. Namiji na iya kai santimita 15, saboda haka ƙaramin garkensu na bukatar akwatin da bai gaza lita 400 ba, da murfi a sama domin suna tsalle, da mutumin da zai ciyar da su sau da yawa kowace rana ba fashi. Mai yawan tafiye-tafiye ya haƙura da antiyas.

Akwai wani da labarinsa ya cancanci a daɗe a kai, wato apogon na Banggai, Pterapogon kauderni, fari mai ratsin baƙi da ɗige-ɗige, tsawonsa kamar santimita 8. Asalinsa wasu ƴan tsibirai ne da ake kira Banggai a gabashin Sulawesi, ƙasar Indunusiya. Wani Baswidane mai suna Walter Kaudern ya tattaro shi a 1920, masanin Holan Frederik Koumans ya yi bayaninsa a 1933, daga nan aka manta da shi har 1994, sa'ad da masanin kifi Gerald Allen ya je ya gan shi a inda yake zaune. Hotunansa na fita, kasuwa ta buɗe baki. Aka shiga kwasarsa dubbai bisa dubbai ana kai wa Amurka da Turai da Japan.

Abin da ya sa kwasar ta yi masa illa yana cikin yadda yake haihuwa. Galibin kifayen murjani kan saki ƙwai masu ɗimbin yawa, ruwa ya kwashi ƴaƴan ya watsa su nesa. Shi na Banggai ƙwansa kaɗan ne, manya-manya, kuma namiji ne ke ɗauke su a baki. Yakan yi kusan wata guda bai ci kome ba, kimanin kwana 20 kafin su ƙyanƙyashe, da wasu kwanaki kamar 10 yana riƙe da ƴaƴan, sa'an nan ya sake su, su ruga su ɓuya tsakanin dogayen ƙayoyin bushiyar teku. Da yake ƴaƴan ba sa tafiya nesa, wurin da aka share ba ya saurin cika. A 2007 hukumar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa shi cikin jerin waɗanda ke cikin hatsari. A shekarar ce Amurka ta nemi a taƙaita cinikinsa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, amma ta janye bukatar bayan Indunusiya ta ƙi. Tarayyar Turai ta sake kawo maganar a 2016, ita ma ta janye. Sa'ar da aka yi, kifin na hayayyafa a hannun masu kiwo ba da wata wahala ba, don haka mai so ya tambayi wanda aka haifa a akwati, ya bar na teku a teku. Sai dai shi ma kada a ruɗu da ganin ƴaƴansa a cunkushe a kanti. Da sun balaga sai su ware biyu-biyu, kuma ma'auratan da suka fi ƙarfi ba sa barin sauran su sha iska. Mata da miji sun isa.

To wanne ke nan za a saya? In garke ake so na gaskiya, ni dai zan nuna ɗan uwansa Zoramia leptacantha, apogon mai shuɗin ido, wanda jikinsa ke kusan nuna abin da ke bayansa kamar gilashi. Bai wuce santimita 6 ba, ba shi da faɗa, kuma ko ya saba da wuri yakan ci gaba da tsayawa tare da ƴan uwansa a inuwar dutse. Shida zuwa goma a akwatin lita 250 ko 300 za su zauna lafiya, muddin ba a haɗa su da masu cin zali ba. Ba shi da ƙyalƙyalin antiyas, ba ya kuma yawan kai da kawowa. Rauninsa ɗaya, ba ya jure doguwar tafiya, makonnin farko bayan isowarsa su ne masu hatsari.

Sai maganar ruwa, wadda a nan ne mu ƴan nesa da teku za mu ji jiki. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kamar giram 35. Cikin wannan, irin gishirin da muke sa wa miya kashi 85 ne cikin ɗari, ragowar kuwa magniziyom ne da kalsiyom da fotasiyom da wasunsu, waɗanda kifin ba ya rayuwa sai da su. Saboda haka gishirin Bilma, duk da darajarsa, ba zai yi ba, balle kanwa. Sai gishiri na musamman da ake haɗawa a masana'anta, wanda dole daga waje za a kawo shi. Mu yi lissafi. Akwatin lita 300 zai ci kilo 10 da rabi tun ranar farko. In ana canza kashi ɗaya cikin goma na ruwan duk mako biyu, kamar yadda ya kamata, kowane canji kilo ɗaya ne da ɗoriya, a shekara ya haura kilo 27. Ruwan da za a dama shi ma sai wanda aka tace sosai, domin na famfo na da sinadarin kulor, na rijiya kuma Allah kaɗai ya san abin da ya kwaso. A kuma tuna, ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan. Abin da ya ragu da zafin rana ko hunturu da ruwa mai daɗi ake cika shi. Wanda ya cika da na gishiri, kullum ƙara wa kifinsa azaba yake yi.

Ba a kuma zuba kifi ranar da aka zuba ruwa. Kashin kifi na zama amoniya, wadda guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin duwatsu da cikin matata, wasu su mai da amoniya nitirit, shi ma guba, wasu su mai da nitirit nitirat, wanda ke da sauƙi, canjin ruwa ke rage shi. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita akan ɗauki mako 4 zuwa 6. A nan mai son garke ke shiga tsaka mai wuya, domin an fi son a saka ƴan garken lokaci guda don kada na farko su ɗauki na baya baƙi, alhali kifi takwas a rana ɗaya nauyi ne ga sabon akwati. Mafita ita ce a jira har awo ya nuna babu amoniya babu nitirit, a kuma bar garken ya zama shi kaɗai ne a ciki na wani lokaci.

Babban abokin gaba a ƙasarmu shi ne zafi. Waɗannan kifaye suna son digiri 24 zuwa 27. In ruwa ya haura 30 sun shiga wahala, ga shi kuwa a bazara inuwa ma takan wuce 40 a Yamai da Tawa. Ruwan gishiri tun asali iskar shaƙa da yake riƙewa ta gaza ta ruwa mai daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma yana ƙara ɗumi tana ƙara raguwa. Littattafan Turawa sun cika da zancen na'urar ɗumama ruwa, mu ta sanyaya shi muke bukata, ko ɗaki mai sanyi dare da rana. Fanka da ke hura saman ruwan na rage digiri ɗaya ko biyu, amma tana ƙara saurin ƙafewarsa. Idan wuta ta ɗauke da tsakar rana, famfo ya tsaya, sa'o'i kaɗan sun isa a rasa garken duka, kuma kifayen da suka fi yawa a wuri su ke fara shaƙewa. Wanda bai tanadi batir ko injin wuta ko faifan hasken rana ba, gara ya kiwata kifin ruwa mai daɗi, wanda ya san zafinmu.

Wajen saye, a sa mai kanti ya ba kifin abinci a gaban ido, wanda bai ci ba a bar masa kayansa. A wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana fesa gubar siyanur cikin murjani don a sumar da kifi a kama, ko da yake dokokin ƙasashen biyu sun hana, kuma kifin da ya sha ta yakan iso da kyan gani ya mutu daga baya. A dubi ciki kada ya zama a shafe, a dubi fata kada a ga farin ɗigo ko jan tabo, a dubi numfashi kada ya zama na haki. In an kawo gida, a ajiye su a wani ƙaramin akwati dabam na mako 3 ko 4 kafin su shiga babba. Ko akwatin roba mai tsabta ya isa wannan aiki, in dai an sa masa matata da ƴan gutattakin bututu da za su ɓuya a ciki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.